Shekara 149 a Kan Ruwa: Jirgin Yaƙin da Igwa ta Kasa, Rashin Kulawa ya Kayar

Ranar Jumma'a 2 ga Disamba 1949, a tekun da ya raba Ingila da Faransa, kusa da tsibirin Wight, jiragen yaƙi suka kewaye wani tsohon jirgin katako da aka jawo daga tashar Portsmouth. Ba shi da filafili, ba shi da igwa, ba kowa a cikinsa. A bayansa tuta biyu ke kaɗawa kafaɗa da kafaɗa: farar tutar sojojin ruwan Ingila da tutar Faransa mai launi uku. Aka busa begilar ban kwana, sojoji suka ƙame suka sara, sannan aka tayar da nakiyar da aka ɗaura masa a gindi.

Jirgin nan suna biyu gare shi. Faransawan da suka ƙera shi sun raɗa masa Duguay-Trouin, Ingilishin da suka ƙwace shi kuma suka mai da shi Implacable. Ya halarci yaƙin Tarafalga, ya ga faɗuwar Napoleyon, ya ga yaƙin duniya biyu, kuma a ranar da aka nutsar da shi babu jirgin da ya girme shi a rundunar ruwan Ingila sai Victory kaɗai. To, me ya riƙe katako shekara 149 a kan ruwa, kuma me ya kayar da shi daga baya? Amsar ta shafi duk mai riƙe da dukiya, tasa ko ta jama'a.

Haihuwa a Rochefort

A bakin kogin Charente, yammacin Faransa, akwai garin Rochefort, inda Sarki Luwi na 14 da waziransa Colbert suka kafa maƙerar jiragen yaƙi a 1666. Nan aka ƙera Duguay-Trouin a zamanin juyin juya halin Faransa, lokacin da baitulmali ya bushe, aiki yana tafiya yana tsayawa, har aka sauke shi a ruwa a watan Maris 1800. Sunan wani jarumin teku ne ɗan garin Saint-Malo, René Duguay-Trouin, wanda ya ci birnin Riyo na ƙasar Barazil da yaƙi a 1711.

Jirgin yana cikin irin da ake kira masu igwa 74, bisa zanen injiniya Jacques-Noël Sané, wanda aka ƙera sama da jirgi 100 da shi. Tsawonsa wajen mita 56, faɗinsa kusan mita 15, mutanen da ke aiki cikinsa kimanin 700. A benen ƙasa akwai manyan igogi 28, kowace tana jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 18. A benen da ke bisansa akwai matsakaita 30. Sauran 16 ƙanana ne a sarari. Babu inji, babu gawayi. Iska ce kawai ke tura shi, ta hanyar manyan ƙyallaye, wato filafilai, da ake shimfiɗawa a kan dogayen turaku uku. Irin waɗannan jirage su ne ƙashin bayan runduna, domin a lokacin yaƙi sahu suke jerawa, kowane yana bin na gabansa, su juya wa abokan gaba haƙarƙari su saki wuta gaba ɗaya.

Jirgi guda yakan cinye dubban itatuwa na wani itace mai tauri da Faransawa ke kira chêne, wanda yakan shekara 100 kafin ya isa sara. Gindin kuma a lulluɓe shi da faranti-faranti na jan ƙarfe, saboda wata tsutsar teku da ke huda katako kamar yadda gara ke cin azara. Wato kafin a harba harsashi ko ɗaya, ƙasa ta riga ta zuba daji guda da dukiya mai yawa a kan ruwa.

Aikin farko: yaƙi da masu neman ƴanci

Babban aikinsa na farko ba abin alfahari ba ne. A tsibirin Saint-Domingue, wanda yau ake kira Hayiti, bayi baƙar fata sun yi tawaye tun 1791, kuma Faransa ta soke bauta a 1794. Da Napoleyon ya hau mulki sai ya aika runduna ƙarƙashin surukinsa Janar Leclerc a 1802 don ta karya Toussaint Louverture ta mai da tsibirin hannu. Duguay-Trouin na cikin jiragen da aka tura can domin tallafa wa wannan runduna. An kama Toussaint ta hanyar yaudara, ya rasu a kurkuku a Faransa a 1803, amma Dessalines da mutanensa suka ci gaba da yaƙi, zazzaɓin shawara kuma ya yi wa sojojin Faransa kisan kiyashi, har da shi kansa Leclerc.

Ana cikin haka yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Faransa da Ingila a watan Mayu 1803. Jiragen Ingilishi suka toshe bakin tashar Cap-Français, Duguay-Trouin yana ciki. A wani dare na watan Yuli, cikin hadari da ruwan sama, ya sulale ya fita tare da wasu. Ɗan'uwansa Duquesne ya faɗa hannu, shi kuwa ya ƙetare tekun Atlantika, ya yi musayar wuta da masu farautarsa a gaɓar Sifaniya, ya samu ya fake a can. Bayan wata biyar da ƴan kwanaki da ficewarsa, ranar 1 ga Janairu 1804, Hayiti ta shelanta ƴancin kanta.

Tarafalga da abin da ya biyo baya

A 1805 jirgin ya shiga babbar rundunar Amiral Villeneuve, wadda ta haɗa jiragen Faransa 18 da na Sifaniya 15. Ranar 21 ga Oktoba suka gamu da jirage 27 na Amiral Nelson a gaban tsinin Tarafalga, kudancin Sifaniya. Nelson ya ƙi bin al'adar jera sahu; ya raba jiragensa gida biyu, ya sari sahun abokan gaba ta tsakiya kamar yadda ake saran kara. Duguay-Trouin, ƙarƙashin Kyaftin Claude Touffet, yana cikin rukunin gaba da Amiral Dumanoir ke jagoranta, kuma saran ya bar wannan rukuni can nesa da inda ake gumurzu. Iska ta yi rauni ƙwarai a ranar, juya jirgi mai nauyin tan dubbai kuwa ba kamar juya doki ba ne. Kafin su komo an riga an ci tsakiya. Suka yi ƴar musayar wuta, sannan Dumanoir ya janye da jirage huɗu: Formidable, Mont-Blanc, Scipion da Duguay-Trouin. Nelson ya ci nasara, amma harsashi ya same shi a kan jirginsa Victory, ya cika kafin faɗuwar rana.

Gudun bai yi nisa ba. Ranar 4 ga Nuwamba, mako biyu cif bayan Tarafalga, Kyaftin Richard Strachan ya cim musu kusa da tsinin Ortegal, arewa maso yammacin Sifaniya, da manyan jirage huɗu da ƙanana huɗu. A nan Duguay-Trouin ya wanke sunansa. Ya yi yaƙi har aka kashe Touffet, aka karya turakunsa, mutum wajen 150 suka mutu ko suka ji rauni, kafin a sauke tuta. Dukkan jiragen huɗu aka kora su Plymouth. Shekara biyar ke nan da ƴan watanni da ya yi yana ɗauke da tutar ƙasar da ta haife shi.

Ganima ta zama bawan sarki

A wancan zamani jirgin da aka kama ba a ƙona shi sai dole. Gwamnati takan yi masa kuɗi ta saya, a raba wa waɗanda suka kama shi, tun daga amiral har ƙaramin matuƙi, sannan a gyara shi a sa masa sabuwar tuta. Ingilishi kuma suna yaba ƙirar Faransawa saboda gudu. Suka sa masa suna Implacable, kalmar da take ɗaya a harsunan biyu, ma'anarta wanda ba ya sassauci.

A 1808 aka tura shi tekun Baltik ƙarƙashin Kyaftin Thomas Byam Martin. Rasha ta ƙulla amana da Napoleyon a 1807, ta kai wa Suwidin hari don ta ƙwace Finlan, Ingila kuma ta zo taimakon Suwidin. Ranar 26 ga Agusta 1808, Implacable ya tsere wa sauran jirage, ya cim ma Vsevolod na Rasha mai igwa 74, ya yi masa ruwan wuta. Daga baya shi da jirgin Centaur suka kama shi, da suka ga ya kafe a tudu ba ya jawuwa, sai suka kwashe mutanensa suka cinna masa wuta.

Bayan shekara biyu sai ga shi yana hidimar Sifaniya, ƙasar da ya yi yaƙi tare da ita a Tarafalga, wadda yanzu ta juya tana faɗa da Napoleyon. Ƙarƙashin Kyaftin George Cockburn ya ƙetare zuwa Veracruz ta ƙasar Meziko a 1810, ya komo da kuɗin azurfa da wakilan da za su zauna majalisar Kadis, wadda ta rubuta kundin tsarin mulkin Sifaniya na 1812.

Yaƙinsa na ƙarshe a gabashin Bahar Rum ne, a 1840. Muhammadu Ali na Masar ya ƙwace ƙasar Sham daga hannun sarkin Daular Usmaniyya, ɗansa Ibrahim Basha yana riƙe da ita. Ingila, Ostiriya, Furusiya da Rasha suka tsaya wa Santambul, Faransa kuwa zuciyarta na tare da Masar. Implacable, yana da shekara 40, na cikin jiragen da aka tura suka matsa wa Muhammadu Ali har ya saki Sham, aka bar masa mulkin Masar shi da zuriyarsa. Jirgin da Faransa ta ƙera ya taimaka wajen karya abokin Faransa. Haka duniya take.

Daga fagen fama zuwa makaranta

Ba a daɗe da komowarsa ba aka yanke cewa ba zai ƙara fita babban teku ba. Zamani ma ya juya: a 1850 Faransa ta sauke Napoléon, babban jirgin yaƙi mai injin tururi, a 1859 ta sauke Gloire mai sulken ƙarfe, Ingila ta mayar da martani da Warrior a 1860. Cikin shekara goma jiragen katako da filafili suka zama tsohon yayi. Akasarinsu aka sayar wa masu farfasawa, aka zare jan ƙarfen da ƙusoshin, katakon ya tafi gini ko murhu.

Abin da ya fid da Implacable shi ne an sama masa wani aiki. A 1855 aka mai da shi makarantar horar da yara masu shiga aikin sojan ruwa a Devonport, gefen Plymouth. Kusan shekara 50 yana ɗaure wuri guda, yara suna kwana cikinsa, suna koyon ƙulla igiya, hawan turaku, tuƙin kwalekwale da ɗa'a. A nan asirin daɗewarsa yake, kuma ba wani asiri ba ne mai wuyar ganewa. Jirgin katako ba ruwan gishiri ne babban makashinsa ba. Ruwan sama ne da ke tsiyaya ta tsagar bene, ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga, ruɓa ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin kuwa aikin kullum ne: a cusa zare a tsaga a bi da kwalta, a buɗe tagogi iska ta ratsa, a fitar da ruwan gindi da famfo, a shafa fenti, a cire katakon da ya taɓu tun bai shafi maƙwabcinsa ba. Jirgin da ɗaruruwan yara ke wankewa kowace safiya, wanda kuma yake da layinsa a kasafin kuɗin gwamnati, ba ya ruɓewa a ɓoye.

Da aka shiga ƙarni na 20 rundunar ta gama da shi, aka yi niyyar sayarwa. A 1908 Sarki Eduwad na 7 ya sa baki aka dakata. A 1912 aka danƙa shi ga wani attajiri mai son tsofaffin jirage, Geoffrey Wheatly Cobb, wanda ya kai shi Falmouth ya mai da shi wurin horar da yara lokacin hutun makaranta, yana kashe masa daga aljihunsa. A shekarun 1920 aka yi gidauniya aka yi masa babban gyara. Cobb ya rasu a 1931, a 1932 aka jawo jirgin zuwa Portsmouth, wani kwamiti na masu sa kai ya ci gaba da riƙonsa da abin da jama'a suka bayar. Daga nan rayuwarsa ta koma rataye a kan roƙo, kuma kowa ya san abin da ya rataya a kan roƙo ba ya da tabbas.

Lissafin da ya kashe shi

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, rundunar ta sake karɓarsa don horo da ajiya. Jiragen saman Jamus sun yi wa Portsmouth ruwan bama-bamai, amma bai nutse ba. Sai dai a shekarun nan hankali da kuɗi da kafintoci duk sun tafi ga jiragen ƙarfe da ke fagen fama. An yi ta amfani da shi, ba a mayar masa da kome ba. Da aka sallame shi a 1947 aka duba, sai aka tarar ruɓa ta ci jikinsa. Aka ƙiyasta gyaran gangar jikin zai ci fam 150,000, mayar masa da turaku da igiyoyi kuma wasu fam 50,000.

Dole a yi wa mahukuntan lokacin adalci. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi har wuya. Nama da sukari da man shanu sai da kati ake samu, dubban iyalai ba su da muhalli, kuma a watan Satumba 1949 aka karya darajar fam daga dalar Amurka 4.03 zuwa 2.80, ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa abin da wannan ke nufi. Minista da zai tsaya gaban majalisa ya nemi fam 200,000 domin tsohon katako sai ya shirya amsa. Saboda haka a 1947 aka yi wa Faransa tayin ta karɓi abinta kyauta. Faransa ma tana cikin kango, tashoshinta a rushe, ta ce ba ta iyawa. Abu ya zama na mutum biyu, kowane yana duban ɗan'uwansa. Amma lissafin nan na fam 200,000 ba daga sama ya faɗo ba: ƙananan gyare-gyare ne na shekaru da aka yi ta ɗagawa, suka taru suka haihu, kamar bashi mai ruwa.

Kafin a fitar da shi aka cire sassaƙen da ke goshinsa da adon katakon bayansa, waɗanda aka kai gidan tarihin teku na Greenwich a Landan. Na'urar da matuƙa ke juyawa don jawo anga kuma aka ba Rochefort, mahaifarsa. Faransa ta aiko da jirgin yaƙi domin gaisuwar ban kwana. Da nakiyar ta tashi sai ta fi ƙarfin abin da ake bukata: gindin ya ɓalle ya tafi ƙasa da nauyin ƙarfen da aka loda masa, benen sama kuwa ya ƙi nutsewa, ya yi ta yawo a kan ruwa sa'o'i, manyan hafsoshi suna kallo. Masu ɗaukar sinima sun ɗauki abin, mutane suka gani a gidajen kallo, kunya ta kama da yawa.

Abin da mutuwarsa ta haifar

Daga cikin waɗanda suka yi fafutukar ceto shi suka kasa akwai Frank Carr, shugaban gidan tarihin Greenwich. Takaicin abin ya sa ya tsaya tsayin daka a kan wani tsohon jirgin, Cutty Sark, mai jigilar ganyen shayi daga Sin, har aka shigar da shi busasshen ramin ajiya a Greenwich a 1954. A 1979 ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin jiragen duniya, takenta kuwa sunan Implacable ne tare da alkawarin cewa ba za a sake ba.

A dubi kuma abokan zamansa. Victory, wanda aka sauke a ruwa tun 1765, shi ma ya kusa ruɓewa, amma a 1922 aka fid da shi daga ruwa aka ɗora shi a busasshen rami a Portsmouth, jama'a suka tara kuɗin gyara, kuma har yau yana cikin jerin jiragen rundunar Ingila. Trincomalee, wanda aka ƙera a Bombay a 1817, wanda ya yi shekaru ɗaure kusa da Implacable, an gyara shi, yana Hartlepool. Na Faransa kuwa, cikin jirage 18 da suka tsaya a Tarafalga, Duguay-Trouin ne na ƙarshe da ya rage, cikin sama da 100 na zanen Sané ma haka.

Da na sani ƙeya ce. A 1997, a wannan maƙera ta Rochefort, Faransawa suka fara ƙera kwafin Hermione, ƙaramin jirgin da ya kai La Fayette Amurka a 1780. Shekara 15 aka yi kafin a sauke shi a ruwa a 2012, ya ƙetare Atlantika a 2015. Ƙasar da aka yi wa tayin na asali kyauta ta koma tana tara miliyoyi don ta sassaƙa mai kama da shi, ƙarami ma. Kuma a 2021 aka gano ruɓa a gindin sabon jirgin, aka shigar da shi ramin gyara kusa da Bayonne. Katako bai canza hali ba.

Mai karatu, ko kana riƙe da motar kaya, ko sito, ko ofishi da kujerunsa, lissafin ɗaya ne. Ranar saye kowa yakan zo, a yi biki, a yanka ƙyalle. Kuɗin fenti da kwalta da ladan mai dubawa kuwa su ne na farko da ake sokewa idan kasafi ya matse, domin ba wanda ke ganin ɓarnar a shekarar farko, ko ta biyu. Duguay-Trouin ya sha wutar Ingilishi, ya sha ta Rasha, ya kwana ƙarƙashin bama-baman Jamus, duk ya tashi. Shekaru kaɗan na “a bari sai baɗi” suka gama da shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da aka danƙa mana.